Dutsen da Ya Ci Wuta

Ku matso, yara! Ni aji biyu kawai na yi, amma a sanin duwatsu babu kamata. Yau labarin jikata zan ba ku, wadda muke kira Tsuntsuwa don ba ta zama wuri ɗaya.

Wata rana malaminsu ya kawo wani baƙin dutse mai hawa-hawa kamar littafi. A jikinsa akwai hoton ganye.

Malam ya ce, "Da can laka ce a ƙasan tafki. Ganyaye da ƙananan halittu suka mutu a ciki, ƙasa ta danne su shekaru miliyoyi. Shi kaɗai gare ni, kada a fita da shi."

Ana tashi, Tsuntsuwa ta sunkuce shi a jaka, wai sai ta nuna min.

Na ce, "Wannan? Ai da irinsa nake jifan zaki ina saurayi!"

Ta ajiye shi a tsakar gida, ta tafi wasa. Ashe dutsen murhun mamanta ɗaya ya fashe. Mama ta ga wannan, ta kafa shi, ta ɗora tukunya.

Can sai baƙin hayaƙi, ga wari kamar kananzir! Dutse ya kama da wuta, ya tsage, miya ta kife.

Mama ta ce, "Wayyo! Dutse na ci da wuta!"

Ni ban gudu ba. Bayan ƙofa kawai na je dubawa.

Mama ta zuba masa ƙasa, amma ganyen ya ƙone. Tsuntsuwa ta fashe da kuka.

"Kaka, in ce ɓata ya yi?"

Na ce, "Kul! Ƙaryar gidan nan tawa ce ni kaɗai, ita ma ta zaki ce."

Da safe na raka ta makaranta da ƙonannen dutsen. Ta ce, "Malam, ni na ɗauka. Ka yi haƙuri."

Malam ya ce, "Za ki share aji mako guda. Mai ne a cikin dutsen, daga halittun nan, shi ya sa ya kama da wuta."

Sai ya sa wuƙa a tsagar, ya ɓare dutsen. Ga hoton ɗan kifi, har da ƙayoyinsa!

Aji ya kaure da ihu. Tsuntsuwa ta yi ta tsalle da tsintsiya a hannu.

To, kun ji: kada ku ɗauki abin wani ba izini. In kun yi kuskure, ku faɗi gaskiya.