Kalmomi Biyu a Kan Allo

Ranar da Khaula ta fara ganin Muhaimin, an ɗauke wuta a unguwar Roumdé Adjia ta Garoua tun da hantsi, zafin watan Afrilu ya mayar da ɗan ofishinsu kamar tanderu. Tana zaune tana fifita da kwali sai ga wani dogon saurayi ya shigo, takalman robarsa duk kashin shanu, idanunsa sun yi jawur.

"Salamu alaikum. Wa ya rubuta wannan?"

Ya ajiye kwamfutarsa a gabanta. Kalmomi biyu ne na Faransanci a kan allon: élément introuvable. Wato, ba a samu abin ba.

Khaula injiniyar kwamfuta ce a wani ƙaramin kamfani da ya gina wa ƙungiyar dillalan shanun Garoua manhajar bin sawun garke. A cikin rumbun bayanan, kowane garke ɗigo ne, kowace kasuwa ko mashaya ɗigo ce, kowace haɗuwa kuma zare ce da ta haɗa ɗigo da ɗigo. Wannan tsarin shi ake kira graf. Shi kuwa Muhaimin likitan dabbobi ne da ƙungiyar ta ɗauka aiki.

"Zauna tukuna, malam," in ji ta. "Me ka tambayi manhajar?"

Bai zauna ba. Ya ce ciwon huhu ya ɓulla a wani garke da aka kawo daga Touboro. Makon da ya wuce ya tambayi manhajar ko akwai garken da ya sha ruwa wuri ɗaya da shi, ta ce ba a samu ba. Ya gaya wa dillalai su kwantar da hankalinsu. Yau da safe kuma ya tarar da shanu suna tari a garkuna uku.

Khaula ta duba abin da ya rubuta. A rumbun, sunan zaren haɗuwa a mashaya da Faransanci abreuvoir ne, shi kuma ya rubuta abreuvé. Manhajar ba ta ma yi binciken ba. Sunan ne ba ta gane ba, amma ta faɗa da kalmomin da kowa zai ɗauka garken ne babu.

Ta gyara kalmar. Sunayen masu garkunan suka jero. Muhaimin ya sa yatsa a kan guda.

"Alhaji Lukmanu," ya karanta a hankali. "Mahaifina ne."

Sai a lokacin ya zauna. Ta zuba masa ruwan randa a kofi, ya riƙe bai sha ba.

Daga ranar kullum yana zuwa. Ita tana fitar da sunayen garkuna, shi yana hawa babur ya bi su da allura har bayan gadar Benuwe. Idan ya dawo da la'asar, yakan taho mata da foléré, wato zoɓo, mai sanyi a leda, ya ajiye a gefen teburinta. Ta lura yana wanke takalmansa a famfon waje kafin ya shigo. Shi ma ya lura idan ta damu takan ciji gefen mayafinta.

Wata Juma'a wayarta ta yi ƙara, saƙon Muhaimin ne, ya buɗe shi da gaisuwar Fulatanci.

"Injiniya, jam na? Yau ban samu zuwa ba, muna binne mushe. Duk yinin nan fuskarki kawai nake tunawa in ji sanyi. Ki yafe min idan na yi azarɓaɓi."

Ta daɗe tana kallon saƙon kafin ta amsa.

"Jam koodume, lafiya lau, Dokta. Ba ka yi azarɓaɓi ba. Ka ci abinci dai, na ga ka rame."

Soyayyarsu ta taso ne a cikin kwanakin baƙin ciki, ba ta samu lokacin dariya sosai ba. Fiye da rabin garken Alhaji Lukmanu ya mutu, har da wani bijimi fari da yake ji da shi kamar ɗa. Hawan jinin dattijon ya tashi, ya daina zama a majalisar ƙofar gida.

Ƙungiya ta kira taro a ƙarƙashin rumfar kasuwar shanu. Bertrand, mai kamfanin su Khaula, ya tsayar da motarsa nesa kaɗan ya juyo gare ta.

"Ni zan yi magana. Ke ki yi shiru. Idan kwangilar nan ta tafi, dukanmu mun tafi."

A gaban dillalai ya ce manhaja lafiyarta ƙalau, likita ne ya rubuta kalma ba daidai ba. Ba ƙarya ya yi ba, amma rabin maganar ya faɗa. Muhaimin ya ɗago kai ya dubi Khaula, yana jiran ta faɗi sauran rabin. Ta tuna Inna da ƙannenta da ke ci daga albashinta tun rasuwar mahaifinsu. Ta sunkuyar da kai, ta ciji mayafi.

A ranar aka sallami Muhaimin daga aiki.

Alhaji Lukmanu ya riga ya ji labarin abin da ke tsakaninsu. Ya ce wa ɗansa ya tattara ya tafi Touboro ya kula da ragowar shanun, kuma muddin yana raye, yarinyar da na'urarta ta cinye masa dukiya ba za ta taka gidansa ba.

Saƙo ɗaya Muhaimin ya turo mata daga tashar mota.

"Ban ce ki kare ni ba, Khaula. Gaskiya kawai na so ki faɗa. Allah ya tsare."

Ta kira, bai ɗauka ba. Ta sake kira, a kashe.

Damina ta sauka. Khaula takan je aiki ta dawo kamar wadda aka zare wa laka. A lokacin ne Muktar, jami'in kwastam ɗan aminiyar Inna, ya fara zuwa zance da motarsa mai sanyi. Mutumin kirki ne, ba shi da abin kushewa. Wannan ya fi komai yi mata ciwo.

"'Yar nan," in ji Inna wata rana suna tsince shinkafa, "wanda ya tafi bai waiwayo ba, ubansa kuma ba ya ƙaunar jin sunanki. Wannan kuwa yana zuwa da mutuncinsa. Ba zan tilasta miki ba, amma ki yi wa kanki faɗa."

"Inna, ni na yi masa laifi."

"To ki nemi gafara ki wuce. Laifi ba ya zama aure."

Abu ɗaya ne ya rage mata da take iya yi. Saƙon da ya ruɗi Muhaimin ba kamfaninsu ne ya rubuta ba. Yana cikin injin rumbun bayanan da suka ɗora aikinsu a kai, wanda masana daga ƙasashe daban-daban suke ginawa tare a kyauta. Kowa yana iya kawo gyara, amma sai manyansu sun amince. Khaula ta shiga ciki ta gano cewa a sashen graf, kurakurai iri-iri duk da kalmomin nan biyu ake amsa su: ko sunan ɗigo ne ba daidai ba, ko na zare, ko graf ɗin ne gaba ɗaya babu. Ta raba su, ta rubuta wa kowanne bayaninsa, ta tura.

Aka dawo mata da shi. Wani ya ce saƙonnin sun yi tsawo. Ta taƙaita, wani kuma ya ce za su karya tsofaffin gwaje-gwaje. Ta gyara gwaje-gwajen, wani ya tambaya ko wannan ma matsala ce da ta cancanci ɓata lokaci. Ranar ta kifa kai a tebur ta yi kuka mai isarta. Da ta share hawaye, ta rubuta musu labarin shanun Garoua a taƙaice, ba ado, ba roƙo.

Tana cikin jiran amsa saƙon Muhaimin ya shigo, na farko tun tafiyarsa.

"Na ji an kusa sa ranarki da mai kwastam. Félicitations, ina taya ki murna. Allah ya sanya alheri."

Nan take ta rubuta: "Wanda ya gaya maka ya yi ƙarya. Ban amsa wa kowa ba, kuma ba zan amsa ba." Saƙon ya ƙi tafiya, don inda yake kiwo babu sabis. Haka ya zauna a wayarta da ɗan agogo a gefensa har ta daina dubawa.

Da yammacin ranar ta faɗa wa Muktar gaskiya a zaure. Ya ce ya gode da ba ta ja shi da nisa ba, ya tafi. Inna ta kwana biyu ba ta amsa gaisuwarta da sakin fuska ba.

An karɓi gyaran a ƙarshen damina. Khaula ta ɗora shi a manhajar ƙungiya, sannan ta ce wa Bertrand za ta nuna wa dillalai tsohon saƙon da sabon, gefe da gefe.

"Idan kin yi haka, kada ki dawo nan," ya ce.

"Na sani, Patron," ta ce wa maigidan nata.

A ƙarƙashin rumfar nan dai ta tsaya. Ta rubuta kalmar da Muhaimin ya rubuta, harafi da harafi, a tsohuwar manhaja: ba a samu abin ba. Ta tambayi dattawan me suka fahimta. Suka ce babu garke ke nan. Ta sake rubuta kalmar a sabuwa, ta karanta, ta fassara musu da Hausa, wani ya mayar da Fulatanci:

"Ba a yi binciken ba. Babu zare mai suna abreuvé a graf ɗin garkuna. Ko abreuvoir kake nufi?"

Dattawan suka dubi juna.

"Da wannan ya gani, da ya gyara nan take," in ji ta. "Ranar taron farko na san haka, tsoro ya hana ni faɗa. Likitanku ya yi kuskuren harafi. Mu muka ba shi na'urar da ta mayar da kuskuren harafi ya zama annoba."

Alhaji Lukmanu yana can gefe a kan kujerar roba, ya rame, sanda a tsakanin gwiwoyinsa.

"Yarinya," ya ce, "wannan gyaran naki zai dawo min da shanuna?"

"A'a, Baba."

"To me ya kawo ki?"

"Sunan ɗanka, Baba. Shi kaɗai ne abin da zan iya dawo da shi."

Dattijon ya daɗe yana kallonta. Sannan ya miƙe da ƙyar aka riƙe shi zuwa mota.

Khaula ta koma gida babu aiki. Ƙungiya ma ba ta mayar da Muhaimin ba, don ta riga ta ɗauki wani. Kwanaki suka yi ta wucewa shiru, har ta fara sabawa da cewa ta rasa duka biyun.

Wata la'asar tana shanya a tsakar gida, Inna ta leƙo daga ɗaki da wata irin fuska. "Kina da baƙo a zaure."

Muhaimin ne, ya yi baƙi, ya rame, rana ta ƙona masa goshi.

"Alhaji ne ya aika a kira ni," ya ce. "Na hau tudu neman sabis don in amsa masa, sai ga saƙonki ya shigo. Wata nawa yana hanya, Injiniya."

"Ka yafe min, Dokta."

"Na yafe tun ina Touboro. Fushin ne kawai ya fi ƙarfina." Ya sunkuyar da kai. "Ba ni da aiki. Shanun da suka rage ba su taka kara sun karya ba. Abin da zan iya ba ki kaɗan ne, hasken idona."

"Ni ma ba ni da aiki," ta ce, dariya da kuka suka zo mata tare. "Me Baba ya ce?"

"Ya ce har yanzu idan ya tuna bijiminsa ransa yana ɓaci da ke. Amma ya ce wadda ta ajiye abincinta don ta wanke ɗansa a bainar jama'a, ba zai bari wani gida ya riga shi ba."

Inna ce ta fi wuyar shawo kai. Ta ce ba za ta ba da marainiya ga gidan da aka taɓa rantsuwa a kanta ba. Sai da Alhaji Lukmanu ya zo da kansa, yana dogara sanda, ya zauna a tabarmar zaurenta tare da kawun Khaula.

"Hajiya, bakin da ya yi waccan maganar shi ya zo janye ta," ya ce. "Ku ba ni ita. 'Ya zan riƙe, ba suruka ba."

Inna ta goge ido da bakin zani ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri.

An ɗaura auren bayan sallar Juma'a a masallacin unguwa, ba taro mai yawa, ba makaɗa. Muhaimin ya buɗe ɗan shagon maganin dabbobi kusa da kasuwa, Khaula kuma ta fara samun ƙananan ayyuka daga masanan da suka karɓi gyaranta. Alhaji bai ƙara samun lafiya sosai ba, a kwance ya karɓi amarya. Da aka kawo ta gaishe shi, ta durƙusa a bakin gadon, ya ɗora tafinsa mai sanyi a kan mayafinta.

"Allah ya yi muku albarka," ya ce, numfashinsa yana sarƙewa. "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Abin da muka rasa, Allah ya mayar muku da shi a gidanku."

Matan da ke bakin ƙofa suka amsa da amin. Muhaimin ya kama hannun matarsa ya tashe ta tsaye.