Baƙin da Ya Ƙi Goguwa

An yi wani makanikin ƙananan jiragen sama mai son tsabta. Wata rana wani matuƙi ya ce masa, "Maigida, in na tashi sama, jiri nake ji."

Makaniki ya duba inji, ya ga baƙi a mahaɗar salansa. Ya goge tas. Jirgi ya dawo, baƙi ya dawo. Ya sake gogewa, ya sake dawowa.

"Ikon Allah! Wa ke shafa mini baƙi?"

Da matuƙi ya sauko yana tangaɗi, makaniki ya ɗaga tsumma, sai ya tsaya. Ya kwance mahaɗar, ya tarar gaskit ɗin da ke toshe bakinta ya ƙone, hayaki na tsiyaya yana shiga wurin zaman matuƙi. Ya sa sabo.

Jiri ya tafi, baƙi ma bai sake dawowa ba. Tsumma kuwa har yau yana rataye, fari fat.