Sitiyarin da Aka Juya

Da hantsin ranar Laraba aka kira Sufeto Ilu na ofishin 'yan sandan Gumel. Wata mota ta bar titi a hanyar Gagarawa, ta daki bishiyar kuka. Mace ɗaya ta rasu.

Sunanta Mansura. Mijinta Abdulfatah, malamin firamare daga Ɗanzomo, shi ke tuƙi. Ya tsira da karaya a hannu. Aka tsare shi bisa zargin tuƙin ganganci.

"Gudu nawa kake yi?" Sufeto ya tambaye shi.

"Sittin, Yallaɓai. Sitiyarin ne ya sake. Ina juyawa, tayoyi ba sa bi."

"Kowane direba haka yake cewa."

Abdulfatah ya roƙa aka ba shi wayarsa, ya buɗe wani shafi da hannu ɗaya.

"Wata uku ina bincike kafin in saya. Masu gwada motoci na Turai taurari biyar suka ba irinta. Sun ce ba ta ba da matsala."

"Wane bakanike ya duba maka ita?"

Ya sunkuyar da kai.

"A wurin Kawu Nata'ala na saya, a Maigatari. Ƙanin mahaifiyata ne. Da wane ido zan kai motar Kawu a duba?"

Sufeto ya koma inda aka jawo motar, a bayan ofis. Ya laluba ƙarƙashin sitiyari yana neman abin buɗe bonet, bai samu ba. Sai da ya zagaya ɓangaren fasinja ya gan shi, kusa da takalmin Mansura guda ɗaya.

Ya kira Dalhatu, tsohon bakaniken da ke gyara musu motoci. Dalhatu ya shiga ƙarƙashi, ya fito da sandar ƙarfe gida biyu.

"Yallaɓai, wannan asalinta mai sitiyari a hannun dama ce. Juya sitiyarin aka yi zuwa hagu. Sandar sitiyarin ba ta kai ba, aka ƙara mata guntun ƙarfe da walda. Ga inda ta ɓalle."

Washegari, ranar kasuwa, Sufeto ya isa Maigatari. Ya sami Alhaji Nata'ala a filin sayar da motocinsa, masu gaisuwar ta'aziyya suna shiga suna fita.

"Allah ya jiƙanta," in ji Sufeto. "Alhaji, yaya motar ta zo hannunka?"

"Yadda ka gan ta haka ta zo daga Kwatano. Ko kusa ban taɓa ta ba. Yaron nan dama akwai shi da gudu."

"Takardun fa?"

"Suna wurin yarana."

Sufeto bai jira ba, ya zagaya bayan filin. Ƙarƙashin wata rumfar kwano akwai injin walda, da allunan gaban mota guda huɗu a jingine, kowanne da ramin sitiyari a dama. Ɗaya ruwan toka ne, launin cikin motar Abdulfatah. Ya ɗauko shi, ya ajiye a kan tabarmar Alhaji tare da guntayen sandar.

Sufeto ya nuna allon.

"Guda huɗu na gani. Ina sauran motoci ukun suke?"

Alhaji ya kalli ƙarfen.

"Masu hannun dama sun fi araha," ya ce da ƙaramar murya. "Kowa yana juyawa. Abdulfatah ya zo da wayarsa yana ta murna, ya ce ita yake so, ba wata ba. Na buɗe baki zan faɗa masa, sai na ji nauyi. Na ce ai za ta yi shekaru."

"Kwana goma sha ɗaya ta yi," in ji Sufeto.

Alhaji ya faɗi sunayen mutum ukun da suka sayi sauran. Aka sa masa ankwa, aka wuce da shi ta cikin jama'a.

Da la'asar Sufeto ya buɗe wa Abdulfatah ƙofa da kansa.

"Ba laifinka ba ne. Motar da aka gwada a Turai daban, wadda aka sayar maka daban. Kawunka ne ya sa aka juya mata sitiyari, yana tsare. Je ka gida."

Abdulfatah bai motsa ba.

"Yallaɓai, zan samu jana'iza?"

"An kai ta tun jiya."

"To wa zai faɗa wa Innata cewa ƙaninta ne?"

Sufeto ya ɗauki makullin motarsa.

"Taso. Tare za mu je."