Ɗigon Dalma a Bakin Zaure

Shekara biyu kafin Turawa su tattara nasu ya nasu, babu mai liƙi a Batsari kamar Labaran. Buta, fitila, kwano, duk abin da ya huje shi ake kai wa. Ran nan Mani, wani tsohon soja mai kiɗa a Kaduna, ya kawo masa jita mai lantarki, abin kiɗan Turawa, maɓallin sauya muryarta ya mutu, ga sabo ya riƙo a sa mata. Labaran bai taɓa ganin irinta ba, amma girman kai ya hana shi faɗi.

Ya kankare bakin wayoyin, ya shafa musu dalma, yana manna su a sabon maɓalli ɗaya bayan ɗaya. Saura waya guda aka kira magariba. Garin sauri ya yarfe narkakkiyar dalmar da ke kan ƙarfen liƙinsa a bakin zaure, ba bisimilla. Ko yaro ya san ba a zubar da abu mai zafi haka da almuru.

Gidan ya yi tsit. Kaji suka ƙi shiga akurki. Sai tsakuwa ta fara faɗowa tsakar gida, kowacce da zafi kamar daga murhu. 'Yarsa Tasalla tana tankaɗe, ta dafe idon hagu ta faɗi.

Kwana uku idon a rufe yana zubar ruwa, tana magana da muryar da ba tata ba. Tsoro ya ramar da Labaran. Aka ɗauko Malam Sahabi daga ƙauyen Babban Duhu. Ya daɗe yana karatu a kanta, sannan ya ce, "Wace ce ke?"

"Uwa ce ni. Ɗana yana rarrafe a ƙofar nan mutumin nan ya tsiyaye masa ido. Idon 'yarsa zan ɗauka."

"Bai gan ku ba, baiwar Allah."

"Da ya ambaci Allah, da mun kauce."

Labaran ya durƙusa, ya ce zai ba da rago. Muryar ta yi wata busasshiyar dariya. "Rago ne ya makantar da ɗana?"

"Yarinyar ba ta yi miki komai ba," in ji Malam. "Ki ji tsoron Allah."

Muryar ta ce, "To, a ba ni hannun da ya yarfa."

Malam ya buɗe baki zai hana, amma Labaran ya riga ya miƙa damansa. Tasalla ta damƙi wuyan hannun, ta yi atishawa uku, ta buɗe ido garau.

"Baba, me ya sami hannunka?"

Ya janye shi cikin riga, ya ce ba komai. Daga ranar hannun ya shanye, bai sake riƙe ƙarfen liƙi ba, kuma har ya koma ga Allah da hagu yake cin tuwo.