Tandar da Ta Zo Daga Chennai

"Wane ne Alexander?"

Tambayar da na tari Najiba da ita ke nan wata ranar Talata da yamma, tun ba ta cire takalmin aiki ba. Ta dawo daga asibitin da take aikin jinya a nan Largo ta ƙasar Amurka, jaka a kafaɗa, gajiya a ido, ni kuwa ina zaune gaban kwamfutar falo na cika na yi fam.

Ta leƙa kwamfutar, sai ta yi murmushi. Murmushin nan ne ya ƙara tunzura ni.

"Allah sarki... ya turo hotunan? Mai yi wa baƙi jagora ne a Chennai, Masoyi."

Bari in ɗan koma baya. A farkon shekarar 2012 ciwon mahaifiyata, Inna, ya tsananta a Zariya, likitoci suka ce a kai ta Indiya. Ni ne autanta, ni ya kamata in riƙe mata hannu. Amma takardun zamana suna hannun hukuma, lauya ya ce in na sa ƙafa waje ba lallai in dawo ba. Yayata Hasiya kuma tana fama da ɗanyen goyo. Matata ce ta ɗauki hutu, ta je ta ɗauko Inna, suka yi sati bakwai a Chennai. Ta mayar da ita gida, ta dawo mini a rame. Na yi mata godiya har ta ce in bari haka.

Sai ga wannan saƙo ya faɗo cikin imel ɗin da muke amfani da shi tare. Daga wani ƙaramin kamfani ne mai zagayawa da baƙi a ƙafa, lungu-lungu, kasuwa-kasuwa, ana ɗanɗana abincin bakin titi. Hoto goma sha biyu. Ga Turawa da jajayen fuskoki suna share gumi. Ga masu saƙa fararen furanni a zare, ga tsibin barkono, ga wani yana zuba kofi daga kofi zuwa kofi kamar mai shayin tashar Kwangila. A gaban ayarin, wani dogo mai gashin baki ya ɗaga lema ja don kada a ɓace masa.

Hoto na tara ne ya tayar mini da hankali. Najiba ce tsaye a tsakiyar titi, ganyen ayaba a hannu, baki cike da abinci, tana dariya har idonta ya kawo ruwa. Mai gashin bakin yana gefenta yana kallonta, shi ma haƙora a waje.

Wanda bai san matata ba zai ce mene ne a ciki. Shekara shida da aurenmu ban taɓa ganin ta jefa ko gyaɗa a baki a kan hanya ba. Ko walimar 'yan Arewa muka je a Silver Spring, sai ta juya wa jama'a baya take kai loma. Ni kaina sai da muka shekara kafin ta iya cin nama a gabana. Ita ce yau a kasuwar Indiya, baki buɗe, gaban ƙato. Irin wannan dariyar, wallahi ni ba a taɓa yi mini ita ba.

A ƙasan hotunan mai gashin bakin, wato Alexander, ya rubuta da Turanci cewa ya ji daɗin yadda ta zo har sau huɗu, kuma mutanen layin suna tambayarta.

"Sau huɗu, Najiba?"

"Eh, sau huɗu."

"Me kika manta a can da sau ɗaya bai isa ba?"

Fara'arta ta ɗauke. Ta ajiye jakar a hankali, ta ce akwai dalili, amma ba nata ba ne balle ta faɗa. Ta ce in yi haƙuri in yarda da ita. Ni kuwa a ranar da ta ce mini ƙarya ma da ta fi mini sauƙi.

Kishi ba shi da kunya, ni shaida ne. Ni, Rilwanu, injiniyan da ake biya don ya duba magudanan ruwan gunduma, na koma mai binciken gashin bakin wani. A ofis sai in rufe taswira in buɗe shafin kamfaninsa. Na karanta duk yabon da baƙi suka rubuta masa: wai yana da barkwanci, wai ya san kowace mai tuya da sunanta, wai yawon awa uku da shi kamar minti goma. Kowane yabo sai in ji kamar ni aka zaga. Har na san rigunansa, shuɗiya da mai ratsi. A gida kuwa na sha mur. In ta ce "Masoyi ga abinci," sai in ce ai namu ba na ganyen ayaba ba ne. Takan dube ni ta ajiye farantin ta wuce, ni kuma hakan ya ƙara cin raina.

Ranar Asabar da safe muka kira Zariya kamar kullum. Inna ta gaisa da ni sama-sama, ta ce in ba ta ɗiyarta. Suka daɗe suna hira da dariya, ina gefe kamar baƙo. Da za su yi sallama sai na ji muryar Inna ta cikin wayar tana cewa in sun yi magana da yaron nan Iskandaru a gaishe shi, Allah ya yi masa albarka.

Iskandaru. Har suna Inna ta raɗa masa. Ashe har gaban mahaifiyata aka kai shi, ni kaɗai ne ban san da zamansa ba.

Kwana uku bayan haka ina neman batir a kabad ɗin kicin na sama, hannuna ya taɓa wani abu mai nauyi, naɗe cikin jarida mai rubutun Indiya. Na warware. Tanda ce ta baƙin ƙarfe mai gurbi bakwai, ta sha wuta ta sha mai. A jikin jaridar an manna katin kamfanin, da lambar waya da aka rubuta da biro.

Na same ta tana ninke kaya. Na dangwarar da tandar a kan gado.

"Tsarabar masoyi ce aka ɓoye mini a saman kabad?"

"Injiniya," ta ce, kuma in ta kira ni da haka to an kai ta bango, "ka auna abin da za ka faɗa."

Ban auna ba. Na ce na ba ta amanar uwata tana kwance tsakanin rai da mutuwa, ita kuma ta bar ta a gadon asibiti ta tafi yawon kasuwa da ƙaton banza, tana washe masa baki a titi kamar wadda ba ta da mafaɗi.

Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ƙarasa ninke rigar da ke hannunta, ta ajiye. Sannan ta ɗauko ƙaramin akwati.

"Zan je wajen Anti Lami a Laurel. In na zauna zan faɗi abin da na yi alkawarin ba zan faɗa ba... ko kuma in faɗi wanda ya fi naka muni."

Ina ji ta tayar da mota, ban ko leƙa ba. Washegari Laraba na ɗauki tandar da jaridarta da katinta na jefa cikin kwandon shara na waje, na tura shi bakin titi. Da sassafen Alhamis ina shan shayi na ji motar shara ta tsaya, na ji ƙarar ƙarfen lokacin da ya faɗa cikinta. Har wani sanyi na ji a raina, Allah ya yafe mini.

Asabar ta zagayo, na kira Zariya ni kaɗai. Inna ta ce ina ɗiyarta. Na ce ta je Laurel. Ta ce kwana nawa? Na ce huɗu. Uwa kuwa ba ta buƙatar a yi mata bayani.

"Auta, me ka yi mata?"

Na fara kame-kame, ina cewa ai wasu hotuna ne, wani mutum ne a can Indiya. Ta katse ni. Muryarta ba ƙarfi, amma kowace kalma sai da ta zauna.

Ta ce bayan ƙarin ruwan magani na biyu bakinta ya mutu. Kwana tara ba abin da ya wuce maƙogwaronta sai ruwa. Abincinsu ko ƙamshinsa ta ji sai amai. Likita ya ce in ba ta ci ba, ba za a iya ci gaba da maganin ba. Ita kuma abu ɗaya ranta yake so a duniya, waina, irin ta ƙofar gidanmu. Najiba ba ta san gari ba, ba ta jin yarensu, ta tambayi duk wanda ta gani a asibitin ba wanda ya gane me take nufi. Sai ta ga takardar masu yawon abincin nan a masaukinsu. Ta ce a ranta wanda ya san duk masu tuyar garin, in akwai mai kama da waina shi zai sani. Ta roƙi wata ma'aikaciya ta zauna da Inna, ta bi ayarin Turawa cikin rana tana leƙa kowane kasko.

"Can ƙarshen wani layi ta ga wata tsohuwa da tanda, Auta. Tanda irin tamu, da ƙullun shinkafa mai tsami. Ta ce da ta kai baki ba ta san sanda dariya da kuka suka zo mata tare ba. Ta ƙunso mini a ganye ta taho da gudu. Guda huɗu na ci a ranar."

Komawa ta biyu, ta ce, don tsohuwar ta koya mata haɗin ƙullunsu ne, yaron nan Iskandaru yana yi musu tafinta. Ta uku ya kai ta layin maƙera ta sayi tanda. Ta huɗu ya nuna mata inda ake niƙa. Daga nan kullum da asuba Najiba ke tuya a ɗan kicin ɗin masauki, har aka gama magani. Ranar da za su taho yaron ya zo da matarsa suka yi mata sallama.

"Ni na sa ta rantse kada ta gaya maka na kai wannan halin. Na san ka. Da ka ji, da ka watsar da takardun ka hau jirgi, ka rushe abin da ka shekara goma kana ginawa." Ta numfasa. "Tandar ma ni na ce ta tafi da ita. Na ce ta adana, ranar da takardunka suka fito ta toya maka a ciki, ka ci daga abin da ya tashi uwarka. Tana nan ko?"

Na waiga na dubi kabad ɗin kicin.

"Auta... tana nan?"

Na ce, "Inna, ki yafe mini."

Nan take ta gane. Sannan ta ce ba ita zan roƙa ba, ta miƙa wa Hasiya wayar.

Na fita ko wanka ban yi ba. Na san tandar ta tafi, amma sai da na buɗe kwandon na leƙa. Daga nan na kama hanyar Langley Park, inda shagunan Indiyawa suke. Ban san sunan abin da yarensu ba. Na ajiye mota na bi shago-shago a ƙafa, ina zana da'ira bakwai a bayan takarda ina nuna musu. Wani ya ba ni kaskon ƙwai, wani ya ba ni faranti. A shago na biyar wata dattijuwa ta dubi zanen ta yi dariya, ta shiga ciki ta fito da ita. Sabuwa fil, marar nauyi, mai sheƙi. A tsaye a wurin na tuna ni da harshen Turanci a bakina da mota a waje na gaji a shago biyar, ita kuwa ta yi nata a garin da ba ta san kowa ba, da ciwon uwata a kanta.

Anti Lami ce ta buɗe mini ƙofa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a daƙile, ta ɗauki mayafinta ta ce za ta leƙa maƙwabta.

Najiba ta fito daga ɗaki. Idanunta sun kumbura. Na miƙa mata ledar, ta buɗe, ta juya tandar gaba da baya.

"Ba wannan ba ce."

"Na sani."

"Ina tawa?"

Na gaya mata gaskiya, har ranar da motar ta zo. Sai a lokacin ta yi kukan da ba ta yi a gabana ba. Ta zauna a bakin kujera ta rungume ledar, tana cewa a gurbin tsakiya take toya ta Inna, don ita ta fi son mai taushi. Na durƙusa a gabanta. Na ce Inna ta faɗa mini komai. Na ce ba mutumin ne ya fi ƙona mini rai ba, dariyar ce, don ban taɓa samun irinta ba.

Ta ɗago ta dube ni.

"Dariyar ta uwarka ce, Rilwanu. Don kai na yi ta."

Wannan ne karo na farko da ta kira sunana tun da aka ɗaura mana aure. Na sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan kafet ɗin mutane.

Mun daɗe a haka. Can ta share fuska da gefen mayafi, ta sake duba sabuwar tandar, ta ƙwanƙwasa ta da farce, ta taɓe baki.

"Akwai farar shinkafa a kabad na ƙasa. In ka koma ka wanke kofi uku ka jiƙa."

Na ce to, ta taso mu tafi mana.

Ta girgiza kai.

"Ƙullu sai ya kwana yake tashi, Masoyi. Ka je ka jiƙa. Gobe da hantsi ka zo ka ɗauke ni."