Jiƙon Kwana Biyar

Injin nan da suke ce wa Majiƙa yana can hawa na tara, yana gurnani a hankali kamar mage ta ƙoshi. Ta sama ake zuba masa dusa da harawa da karan dawa, ya jiƙa, ya rufe su yi tsami, sannan ya turo wa shanu ta bututu. A Sabuwar Dawanau shanu a bene suke zama, don zafi ya kai ƙasa ba ta takuwa.

Shanu ashirin ne, na Kande, da nononsu take riƙe da gidan mutum goma sha ɗaya. Ita kuwa tun tana yarinya ba ta ba saniya jiƙo sai ta ɗanɗana da harshenta. To, sai ɗan ƙanenta Tanimu, injiniya, ya toshe 'yar ƙofar injin da take ɗiban jiƙon ta ɗanɗana.

"Gwaggo, na'ura ta fi harshenki. Kwana biyar na saita mata."

"Kwana biyar a bazara? Ko gasarar koko ba ta kai haka."

"A littafi haka yake."

"Shi littafin a cikin firji aka rubuta shi?"

Shanu suka ci, nono ya ninka. Sai dai suna tsaye ido a lumshe, suna tuƙa, kunne na motsi kamar ana kiransu daga nesa. Duk wanda ya sha nonon, da rana tsaka sai barci ya ɗauke shi ya ga fadama: ciyawa har gwiwa, balbelu, ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko. Yaran da ba su taɓa taka laka ba su farka suna duba ƙafafunsu. Layin masu saye ya sauko har hawa na biyu.

Kande ta sha ludayi guda, ta ga rugar kakanta. Da ta farka ta je ta shafa farar saniyarta, sai ta ji haƙarƙari a fili. Ashe shanun sun daina shan ruwa. A can inda suke, rafi na gabansu.

"Tanimu, buɗe min ƙofar nan."

"Gwaggo, mutane fa na jira!"

"Su jira. Buɗe."

Ta kwashe jiƙon kakaf ta zubar, ta dama sabo da hannunta, ta bi su da bokiti tana kiran kowace da sunanta. Sha tara suka farka, suka kalli bangon siminti, suka sha ruwa suna kuka. Farar ba ta buɗe ido ba. Ta durƙusa a hankali, bakinta na ta tuƙar ciyawar da babu irinta a ƙasar nan.