Ɗan Farin da Shatu Ba Ta Ƙirga Ba

Da aka tambayi Shatu, wadda aka kawo tana naƙuda, haihuwarta nawa, "biyu" ta ce, amma Dakta Mu'minat ta lura yatsu uku ta lanƙwashe a bakin mayafinta. Mu'minat marainiya ce 'yar Roni, tana horon ƙwarewa a fannin mata da haihuwa a wani babban asibiti. Ƙafafunta sun kumbura don tsayuwa, rabonta da barcin kirki har ta manta, duk da haka ta durƙusa ta sassauta murya.

"Har da na farin, 'yar uwa?"

Shatu ta sunkuyar da kai. Bafulatana ce daga wata ruga ta Gwiwa, kunya ba ta barinta ta ƙirga ɗan fari. Da Mu'minat ta ɗaga rigarta, sai ga tabon tiyata a ƙasan mara! Ta ruga wurin Dakta Zara, 'yar kawunta da ke gaba da ita a horon, wadda ke nan cikin ɗakin.

"Yaya, kada a ɗaura mata ruwan naƙuda, an taɓa yi mata aiki!"

"Ke za ki koya min? Ta ce biyu, duka a gida. Da ba don tuwon gidanmu ba, da yanzu kina tallan awara."

Aka ɗaura ruwan... kafin la'asar mahaifa ta fashe. Da ƙyar aka ceto Shatu, jaririn kuwa ya koma. Da babban likitansu, Dakta Hamma, ya nemi ba'asi, Zara ta rantse cewa Mu'minat ce ta duba matar, ba ta kuma faɗa mata komai ba. Aka dakatar da Mu'minat. Ta je gida neman mai share mata hawaye, kawunta ya tare ta tun daga zaure.

"Ki amsa laifin kawai. Mu muka rene ki, yanzu za ki tona wa 'yata asiri?"

"Kawu, wallahi na faɗa mata..."

"Butulu!"

Wayyo, maraici! Ta kifa kai a kan sallaya tana kuka har muryarta ta dishe. "Ya Allah, na gaji... Kai kaɗai ne shaidata."

Ranar da kwamiti ya zauna don korarta, tana tsaye ba ta da ko ƙarfin kare kanta, sai aka turo Shatu, wadda ta ji labarin, a keken marasa lafiya, mahaifiyarta Inna Dela na biye da ita. Shatu ta dubi uwar, hawaye na zuba, sannan ta juya ga Dakta Hamma.

"Ranka ya daɗe, uku na haifa. Na farin... Ɗayyabu." Inna Dela ta rufe fuska da mayafi, don ba ta taɓa jin sunan a bakin 'yarta ba. Shatu ta nuna Mu'minat da Zara, ta ci gaba: "Shi aka ciro da wuƙa. Wannan ce ta gani, a kunnena ta roƙi waccan kada a sa ruwan. Kunyata ta kashe min ɗa, ba za ta kashe wannan baiwar Allah ba."

Dakta Hamma ya ce an cire Zara daga horon, maganarta kuma za ta je gaba. Ya juyo ga Mu'minat, idonsa ya yi ja. "Ki yafe min, 'yata. Koma bakin aikinki."

Mu'minat ta zube ta rungume Shatu suna kuka tare. Zara ta zare abin awon ƙirjin da ke wuyanta, ta ajiye a kan tebur, ta ja ƙofa a hankali ta fita.